Kyan lamba, nata ne ko na mai rubuta ta?

Ranar Talata 22 ga watan Fabrairu na 2022 ina aji na ƙarshe a lise cikin Tawa. Tun da safe wayoyinmu sunka cika da saƙo iri ɗaya: ku dubi kwanan watan yau, 22022022, ka karanta daga hagu, ka karanta daga dama, duk ɗaya ne. Wasu har cewa suke ranar sa'a ce, mai buƙata ya roƙa. Wani ɗan ajinmu da ya daɗe makarantar allo kafin a kai shi lakwal ya saurare mu ya gama, sannan ya ce: "Ku dai. Mu yau muna cikin Rajab na 1443, ban ga abin da ya yi daidai da wani ba." Munka yi dariya, anka wuce. Daga baya na gane ko mutanen Amurka, da ke fara rubuta wata kafin rana, 02222022 sunka rubuta, kuma wannan ba ta karantuwa ta baya. Ke nan rana guda ce, zafinta guda, amma ga wasu abin mamaki, ga wasu Talata kawai.

Ban sake tuna zancen ba sai da na zo Yamai karatun kimiyyar harshe a Jami'ar Abdu Mumuni, Allah ya haɗa ni ɗaki da wani ɗalibin lissafi. Irin mutanen nan ne da ba su iya shan shayi sai da bik a hannu. Wani dare na tarar ya cika kaye da 1 da 0, na tambaye shi mi yake nema. Ya ce lambobin da gabansu da bayansu ɗaya, waɗanda masana ke kira palandirom, kamar 11 ko 252 ko 1441. Na ce to ai wanga aikin ƴan firamare ne. Ya ce in zauna.

Ga abin da ya nuna mani, kuma ina roƙon wanda lissafi ya taɓa kora ya daure, ba shi da wuya. Idan munka rubuta 252, kowane gurbi da nauyinsa: na ƙarshe ɗaya, na bi masa goma, na bi masa ɗari. Kowane nauyi goma ne na wanda ya gabace shi. Jeri ne mai haifar kansa, in ka san na baya ka san na gaba. To mi zai hana a ɗauki wani jeri mai haifar kansa ta wata hanya? Misali wanda kowane adadi a ciki jimlar biyun da sunka gabace shi ne: 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, 89. Shi ne ake kira jerin Fibonaci, da sunan wani mutumin Pisa ta ƙasar Italiya wanda ya koyi lissafi yana yaro a Bijaya, cikin Aljeriya ta yanzu, ya kuma sa jerin a littafinsa na 1202. A wanga tsari, in za ka rubuta adadi, sai ka ɗauki nauyi mafi girma da ya shiga cikinsa, ka cire, ka sake yin haka da abin da ya rage. Sha biyu: takwas ta shiga, saura huɗu; ukku ta shiga, saura ɗaya. Sai ka sa 1 a gurbin nauyin da ka ɗauka, 0 a wanda ka tsallake. Gurbin 8, 5, 3, 2, 1 ya ba ka 10101. Ga shi, sha biyun da ba ta da wani fasali a 12 ta zama gaba da baya ɗaya.

Sha ɗaya kuma, wadda tun muna yara muke ganin ta kamar tagwaye, takwas da ukku ce, wato 10100. Kyanta ya tafi.

Akwai doka guda a tsarin: 1 biyu ba su zama kusa da juna, don maƙwabta biyu in sun haɗu sun riga sun zama na gabansu, ukku da biyar takwas ce. Da wagga doka kowane adadi yana da rubutu ɗaya tak. Wani likitan soja ɗan Beljiyam, Edouard Zeckendorf, shi ya buga hujjar haka a 1972, sunansa kuma ya bi tsarin, ko da yake wani masani ɗan Holan, Lekkerkerker, ya riga shi bugawa tun 1952. Daren nan munka ƙirga da hannu. Daga ɗaya zuwa ɗari, tsarin goma-goma yana da lambobi 18 masu gaba da baya ɗaya. Tsarin Fibonaci yana da 17: 1, 4, 6, 9, 12, 14, 22, 27, 33, 35, 51, 56, 64, 74, 80, 88, 90. Bakwai kaɗai sunka ci jarrabawa biyun: 1, 4, 6, 9, 22, 33 da 88. Na ce to waɗannan bakwai ɗin su ne masu kyan asali. Ya yi murmushi, ya kawo jeri na ukku, wanda kowane adadi jimlar ukkun baya ne: 1, 2, 4, 7, 13, 24, 44, 81. Nan 22 ta zama 11010, 88 ta zama 10001000. In ban da 1, duk sun faɗi.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na ɗalibin harshe shi ne jin cewa tun kafin Fibonaci masu nazarin waƙa a Indiya sun san jerin, cikinsu har da Hemacandra wajen 1150. Tambayarsu irin tamu ce. In gaɓa marar nauyi tana cin bugu ɗaya, mai nauyi tana cin biyu, hanya nawa za ka cika bugu huɗu? Biyar. Bugu biyar? Takwas. Waƙar Hausa ma a kan nauyin gaɓa take tafiya, don haka jerin nan yana cikin bakin kowane mawaƙi ko bai taɓa jin sunan Pisa ba. Amma wanga wani zance ne.

Hausa ta ba mu kalmomi biyu da ya kamata mu raba: adadi da lamba. Adadi shi ne yawan abu, awaki sha ɗaya cikin garke. Lamba ita ce alamar da anka yi a takarda. Awakin ba su san an rubuta su 11 ko 10100 ba. Gaba da baya ɗaya ba halin adadi ba ne, abu ne da ke faruwa idan adadi ya gamu da wani tsarin rubutu. A harshe ma haka. Ɗauki kalmar ukku, ko uku yadda ƴan Kano ke rubutawa: ta kowane gefe ka karanta ɗaya ce. Amma a boko kaɗai. A baki, akwai hamza a farkonta wadda boko ba ya rubutawa, muryar gaɓar farko tana sama, ta biyu tana ƙasa. A ajami da alif take farawa, ba da shi take ƙarewa ba. Daidaiton da ido ya gani, rubutun boko ne ya ƙirƙire shi ta hanyar ɓoye abin da kunne ke ji.

In da nan zancen ya tsaya, da ban ɓata takardar ƙungiyarmu ba. Abin da ya hana ni barci shi ne na tuna Inna.

Mu mutanen Tebaram ne, ƙasa mai rairayi da gero inda Hausawa da Buzaye da Fulani ke cin kasuwa guda. Inna ba ta taɓa shiga lakwal ba. Sana'arta awon hatsi da tiya, da ɗan gishiri da barkono a gefe. Kamar kowa a ƙasarmu, da dala take ƙirga kuɗɗi: abin da takarda ta ce sefa 5 shi ne dala ɗaya, 100 dala ashirin, 500 ɗari, 1000 jikka. Wata rana, ina lise, ta zo Tawa ba ta da lafiya, na raka ta wani kantin magani. Mai kantin ya faɗi kuɗɗin da Faransanci, sefa 550. Inna ta dube ni. Shi kuma ya ce mani, da Faransancin dai, matan ƙauyen nan ko ƙirga ba su iya ba. Ni kuwa na yi dariya. Ba dariyar dole ba, dariyar mai son a san shi ba irinta ba ne. Sannan na juya na ce mata, "Inna, ɗari da goma." Ta kwance bakin zane, ta miƙa jikka, ta ce canjinta casa'in, shi yana ta danna na'ura bai kai ga 450 ba. Ba ta ce mani komi ba a hanya. Har yau ban san ko ta gane abin da anka faɗa ba, ban kuma yi ƙarfin halin tambaya ba.

Mai kantin ya karanta Inna da tsarin da ba nata ba, ya ga 10100, ya ce ba ta da fasali. Wannan kuskure ne, kuma kuskurensa ina iya yafewa, don tsari ɗaya ya sani. Ni na san biyun. Na san matar da ke raba kowane farashi gida biyar a ka, ta riƙe bashin mutum ashirin ba tare da kaye ba. Duk da haka na zaɓi tsarin da ya fi ƙarfi a ɗakin, na tsaya bayansa. Kalmar da ake liƙa wa irinsu Inna ita ce jahili, kuma ba su kaɗai ba. Malamin da ya rubuce Alƙur'ani da hannunsa, in ya je ofis aka miƙo takardar Faransanci, yatsa ake ce masa ya dangwala. Tsohuwar Buzuwa mai rubuta tifinag, rubutun da a al'ada ake iya jan sa daga dama ko hagu ko daga ƙasa zuwa sama, ita ma an ƙirga ta cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Ba a yi ƙarya wajen ƙirgar ba. An dai zaɓi gurbi da nauyi, aka ɓoye cewa zaɓi ne.

To a nan ne da yawa daga cikinmu ƴan jami'a muke zamewa, kuma ni ma na zame na ɗan lokaci. Da zarar mun gane cewa tsari zaɓi ne, sai mu ruga mu ce ai komi ra'ayi ne, kowa da gaskiyarsa, ba mai gaya wa wani. Na faɗa wa abokina haka ina jin na yi hikima. Ya ce in so nake kowa ya yi kyau, abu ne mai sauƙi. Ka rubuta adadi da zane-zane a bango, yadda masu tallar fura ke yi wa mai bashi: sha ɗaya zane sha ɗaya, sha biyu zane sha biyu. A wanga tsari kowace lamba gaba da baya ɗaya ce, ba mai faɗuwa. Amma daidaiton da kowa ke da shi ba ya gaya maka komi game da kowa, kuma ka gwada rubuta jikka hamsin da shi ka gani. Ya ƙara da cewa kowane adadi daga ukku zuwa sama yana da tsarin da zai fito 11 a ciki: in ana ƙirga da tara-tara, goma ita ce 11, in da sha ɗaya-sha ɗaya, sha biyu ita ce 11. Wato kowa na iya ɗinka wa kansa tsarin da zai yabe shi. Maganar "kowa na da kyau a wani wuri" gaskiya ce, amma gaskiya mai arha, ba ta sayen ko tiya guda.

Kuma akwai abin da ba ya motsi. Sha ɗaya ba ta rabuwa biyu daidai, ko da wane hannu anka rubuta ta. Canjin Inna casa'in ne a dala, 450 a sefa, amma in anka ba ta tamanin an cuce ta a kowane harshe. Ita kanta ta fi kowa sanin bambancin. Tiyar wata kasuwa tana iya fin ta wata girma, kowa ya sani, farashi ya bi, ba a yi laifi ba. Amma tiyar da anka buga wa gindi ya shige ciki, ana nuna ta kamar cikakkiya, wannan ba "wani tsari" ba ne, sata ce. Mai cewa duk ma'auni ɗaya ne ya ba ɓarawon awo mafaka.

Magabatanmu ma sun san irin daidaiton da ke cikin adadi kansa. Hatimin nan mai gida tara da malamai ke zanawa, in ka tara kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Ka rubuta shi da lambobin Larabci, da haruffa, da na boko, ko da 1 da 0 na abokina, jimlar ba ta canzawa. Wani malami Bakatsine, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya yi rubutu a kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ban shiga zancen abin da ake yi da hatimi ba, wannan na malamai ne. Abin da nake nunawa shi ne daidaito iri biyu ne: wanda ke tafiya da tufafi, da wanda ke nan ko an tuɓe.

Kada kuma a ɗauka na raina na farkon. Masu lissafi na gaske suna ba shi lokacinsu. A 2016 wasu ukku, Cilleruelo da Luca da Baxter, sunka tabbatar da cewa kowane adadi ana iya samun sa ta tara lambobi masu gaba da baya ɗaya da ba su wuce ukku ba, kamar 2025 da ke 2002 da 22 da 1, kuma haka yake a tsarin goma-goma da duk tsari irinsa daga biyar-biyar zuwa sama. Mu ma da munka ƙirga na Fibonaci bisa tsawonsu, masu gurbi 1, 3, 5, 7, 9, sai munka samu 1, 1, 2, 3, 5: jerin ya sake ɓullowa cikin ƴaƴansa. Wannan ba ruɗin ido ba ne. Gaskiya ce tabbatacciya, sai dai gaskiya ce game da adadi da tsari tare, kuma mai faɗin ta da adalci dole ya ambaci tsarin. "Inna ba ta jin Faransanci" magana ce daidai. "Inna ba ta iya ƙirga ba" magana ce da anka cire mata rabi.

Matsalar da ban warware ba ita ce wagga. Ga lamba, ina iya komawa ga awaki in ƙirga. Ga mutum, ina awakin? Ba mu taɓa ganin mutum tsirara daga kowane tsari ba. Kullum ta wani harshe muke jin sa, ta wata jarrabawa, ta wata al'ada. Allah kaɗai ke ganin adadin ba tare da lamba ba. Iyakar abin da muke iyawa shi ne mu karanta mutum da tsari fiye da ɗaya kafin mu yanke, mu lura da abin da ya tsaya bai canza ba, kamar riƙon amana da cika awo, mu kuma yi shakkar hukuncin da ke rushewa da zarar an sauya harshe. Aiki ne mai gajiyarwa. Shi ya sa ofis ya fi son tsari guda: dokar nan ta Zeckendorf da ta hana maƙwabta biyu zama tare ita ce ke ba kowane adadi rubutu ɗaya, ba gardama. Ban ƙi amfaninta ba, ba a tafiyar da asibiti ko banki da rubutu goma. Amma ku duba, in anka sassauta dokar, sha ɗaya tana iya zama biyar da ukku da biyu da ɗaya, wato 1111. Kyanta ya komo. Dokar ce ta hana a gan shi.

Kuma zancen nan ya zo ƙofar gidanmu. A watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Na yi murna, ba ni ɓoyewa, don na tuna kantin maganin. Amma sai na tambayi kaina: wace Hausa? Mu ƴan Adar muna cewa munka tahi, muna cewa hwara da lissahi, kuma na sha ganin an ja wa irin wagga magana jan bik a takarda kamar kuskure ce, alhali ita ma da ƙa'idarta tsaf. Ko a rubutun nan kun ga ina tafiya ƙafa ɗaya Kano ƙafa ɗaya Tawa. Sannan maƙwabcinmu a Tebaram mai Tamajak, da Bafillatanar da ke kawo wa Inna nono, su fa? Gobe in ɗayanmu ya zauna bayan tebur, tsohuwa ta zo tana haɗa Hausa da ƙyar, ta rikita namiji da tamace, wa zai hana shi juyawa ga ɗanta ya ce matan daji ko magana ba su iya ba? Kuma wa zai hana ɗan ya yi dariya? Ni ban da bakin da zan rantse ba zai yi ba.

Hutun da ya wuce na koma gida. Wata maraice Inna na tsintar wake, na ɗebo tsakuwa na jera mata tuli-tuli: ɗaya, biyu, ukku, biyar, takwas, sha ukku. Na ce mata wani tsarin ƙirga ne na Nasara, in kana son adadi ka fara ɗaukar babban da ya shiga, sannan na bi masa. Ina tsammanin ta ce mi ke amfanin wanga. Sai ta ce ai bada canji ne, kullum shi take yi. Ta ɗan yi shiru, ta ture tulin takwas da yatsa.

"Amma ɗan lakwal, ba kullum babba ka fara fita ba. In tamanin za ni bada, in na ɗauki ta hamsin, sai na ƙara ta ashirin da ta goma, ƙwaya ukku ke nan. Ta arba'in biyu ta isa. Balle ta hamsin ɗin nan, rabin kasuwa ba su amsar ta."

Na lissafa a zuci: 250 da 100 da 50, ko 200 sau biyu. Na ce zan kai wa abokina. Ta ce in gaishe shi, in kuma kwashe mata tsakuwar daga cikin wake.